Dafaffen Iri

Kafin samun 'yancin kai ni ɗalibi ne a Ƙofar Dundaye, marar yawan magana. Da safe ina karatu a zauren malam, da rana ina jiran rumfar hatsin kawuna. Saboda kunyata mutane suka yarda da ni.

Da ƙaramin abu na fara: tauye mudu. Da na ga ba wanda ya kula, sai na ƙara. Shanshera, wato shinkafar da ba a sussuke ba, in an turara ta aka shanya ba ta ƙara tsirowa. Na riƙa cika buhu da ita, in zuba iri mai kyau a sama, in sayar wa manoman fadama.

Cikinsu har da Baba Nomau, wani tsoho mai kirana malam ƙarami. Ya shuka, gonar ta tashi fili. Yunwa ta shiga gidansa a shekarar, jikarsa ta yi ciwo ta rasu. Na je ta'aziyya, na ji ana cewa haka Allah ya so. Ni ma na faɗa. Na ji sanyi a raina da laifin ya bar kaina.

Da manoman suka haɗa labari suka gane daga rumfarmu irin ya fito, 'yan doka suka kama ni, alƙali ya tura ni gidan yari. A can na daina salla. Karatuna ya zama makamina: in Allah mai iko ne mai rahama, me ya sa bai riƙe hannuna ba, ya bar yarinya ta mutu?

Wata rana Baba Nomau ya zo da fura. Na kasa kallonsa, amma na yi masa tambayar. Ya ce shi bai yi karatu ba, bai san dalilin da ya sa aka ɗauki jikarsa aka bar shi ba, kuma har yanzu yana kuka a sujada.

"Amma ɗana, ruwan Allah ya sauka gonata kamar ta kowa. Iri na bai tsira ba, kuma kai kas san wanda yad dafa shi."

Bayan an sauke tutar Turawa aka sake ni. Na tuba, na koma salla, na tafi neman gafararsa, na iske ya rasu.

Yara, har yau ban warware tambayar nan duka ba. Amma kafin ku tambayi Allah dalilin wata masifa, ku duba ko da hannunku a ciki. Kada ku tauye mudu ko sau ɗaya.