Jarkokin Sammani da Yauƙin da Ya Ƙi Jin Magani

Sammani taubashina ne, ɗan kawuna, kuma tun da aka haife shi a Wagini tabarma ba ta taɓa jin ɗuminsa ba. Ko tuwo a tsaye yake ci. Sana'arsa ga-ruwa: jaki ɗaya, jarka shida, daga fanfon burtsatse zuwa gidajen mutane. Shekara tara bai wanke cikinsu ba, wai abin da ke kwana da ruwa me zai yi da wanka?

Ran wata Lahadi, Inna Hansai mai koko, wadda ke ɗauke rabin ruwansa, ta zura yatsa a bakin jarka, ta fito da wani baƙin yauƙi kamar miyar kuɓewa ta kwana bakwai.

Ta ce, "Sammani, ka raba ni da wannan fumfunar kafin Juma'a, ko in koma wa Ɗanmaraya mai kurar ruwa."

Mutumin naku ya shiga zarya. Ya tuna ƙwayar da ta kashe masa makero bara, ya ce ai fumfuna duk dangi ɗaya ce. Ya hau mashin zuwa Batsari, ya sayo, ya daka, ya barbaɗa wa kowace jarka kamar mai sa yaji a tsire. Kwana biyu yana leƙawa, ya zaga gida, ya dawo ya leƙa. Yauƙi ko gezau. Ni dai na rantse masa har ƙiba ya yi.

Mahfuza malamar asibiti ta ji labari, ta tare shi a hanya.

"Malam Sammani, wa ka ba ruwan nan?"

"Ba kowa, Malama. Jakin ma ya ƙi."

"Ya fi ka hankali. Zubar da shi. Abin nan ɗaki ya gina a jikin jarka ya yaɓe da yauƙi, magani a bakin ƙofa yake tsayawa. Sai an kankare."

To hannu ba ya shiga jarka. Sai ya zuba tsakuwa da toka da ruwan zafi, ya rungume ta ya hau girgiza. Har garin Zakka an ji ƙarar, wasu sun zaci biki ake. Ya ɗauraye, ya kife su a rana, yana zagaye su kamar kaza mai neman wurin ƙwai.

Ran Juma'a da ya kawo ruwa, Inna Hansai ta zura yatsa, ta sunsuna, ta kurɓa. Shi kuwa yana ta sauya ƙafa.

Ta ce, "Zai dawo?"

"Malama ta ce zai dawo, Inna, in na daina wankewa."

"To kar ka daina. Juye a randa."

Tun ba ta rufe baki ba ya juye biyu.