Lawal Dillali da Ƙibar Haulatu

Shekara talatin da biyu Lawal Badaru na garin Babban Mutum ya yi yana dillancin tumaki, kuma duk kasuwannin ƙasar Baure sun san tumbi ba ya ruɗinsa. Akwai masu ɗura wa rago ruwan kanwa da safiyar kasuwa har cikinsa ya tashi kamar ganga. Lawal ko kallon cikin ba ya yi. Hannu yake ɗorawa a gadon baya, ya matsa, ya taya ko ya wuce.

A 2004 ƙodar matarsa Haulatu ta daina aiki. Wani asibiti a Kano ya sa mata siririyar roba a ciki, aka koya musu wankin ƙoda a gida: sau huɗu a rana a zuba ledar ruwan magani ta robar, ya zauna ya jawo dattin jini, a zubar, a sa sabo. Dangi kuwa suka yanke cewa mai ciwon ƙoda ba ya cin nama, sai kunu.

Bayan wata biyar Haulatu ta yi ƙiba, kumatu suka fito. Nagoggo maƙwabciyarsu ta zo dubiya tana tafa hannu, wai amarya ta dawo sabuwa.

Da ta fita, Lawal ya kama dantsen matarsa ya matsa. Yatsunsa suka tarar da ƙashi.

"Malam, ni fa ba tunkiya ba ce."

"Da tunkiya ce, Haulatu, da ban taya ba. Ɗauko mayafinki."

Bai jira ranar da aka ba su ta komawa asibiti ba. Likita ya auna jini, ya daɗe yana duban takardar, sannan ya tambayi Lawal wa ya gaya masa ba ƙibar lafiya ba ce.

"Hannuna."

Likitan ya yi bayani dalla-dalla. Ƙibar ruwa ce da sukarin da ke cikin maganin. Duk ledar da aka zubar tana tafiya da wani abu daga abincin da ke gina tsoka. In tsoka ta zube, wani kumburi da ido ba ya gani yakan kama hanyoyin jini, daga nan sai zuciya. Yawancin masu irin wannan wanki, in ji shi, zuciya ce ke ɗaukarsu, ba ƙodar ba. A yadda jininta yake, bai ga shekara biyu a gabanta ba. Maganin: farin ƙwai, kifi, tsokar nama, a rage gishiri, a bar kanwa.

Samun ƙwai bai yi wuya ba, ci ne aikin. Cikinta kullum a cike yake da ruwa, yunwa ba ta zuwa. Ga shi shekara ashirin da shida da aure ba ta taɓa kai loma baki a gabansa ba. In ya fita kuma, ƙwan sai ya ɓace a gidan Nagoggo.

"Ka tashi mana, Malam. Ba na iya ci kana kallo."

Lawal bai tashi ba. Juya tabarmarsa ya yi, ya ba ta baya, ya fuskanci bango.

"To, ba na kallo. Amma kunnena ƙalau yake."

Haka ya riƙa zama sau uku a rana, fuska ga bango, yana sauraren tauna. Kasuwannin nesa duk ya bar su, tun da ba ya iya dawowa kafin abincin rana. Abokan sana'a suka sa masa suna Mai Gadin Bango, yana amsawa.

Cikin wata takwas Haulatu ta ɗaga taɓarya ta surfa gero da kanta. Shekara biyun da likita ya faɗa suka zo suka wuce tana share tsakar gidanta. Sai a damina ta 2010 zuciyar ta tsaya, da hantsi, tana zaune tana tsintar zogale. Shekara shida da wata biyu ke nan daga ranar da aka sa mata robar.