Barkono a Dutsen Sulɓi

Har yau akwai tsofaffi a Birnin Kudu da ba sa kirana sai da marar kunyar dutse. Su yi ta kira. Na riga na tsufa da sunan, kuma da za a mayar da ni ranar, abin da na yi shi zan sake yi.

A lokacin ana rufe ƙofar gari da wuri saboda mahara, don haka wurin shan iskarmu bai wuce ɗaya ba: wani falalen dutse dab da ganuwa, mai gangara, wanda gindin kakanninmu ya goge har ya yi sulɓi. In an gama girbi, duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci gida-gida ake fitowa. Tsofaffi su kafa dara a gindin tsamiya, mu mata mu baje tabarmi da dafaffiyar gujiya da takanɗa, matan Fulani su kawo nono. Yara kuwa su tsinko ganyen kalgo, su hau can ƙoli, su zauna a kai su sulalo ƙasa suna ihu.

'Yata ta fari tana da shekara biyu zazzaɓi ya kwashe mata ƙafafu. Da gindi take ja. A gari ita ce ta baya kullum, ko akuya ta riga ta isa ƙofar gida. Amma in ubanta ya ɗora ta a ƙolin dutsen nan, hannuwanta da suka saba ɗaukar jikinta su yi tunkuɗa ɗaya, ba yaron da ke ganin ƙeyarta. Nan kaɗai take tsere a duniya, kuma nan kaɗai nake jin dariyarta.

Ina jin dariyar, ina kau da kai. 'Yar fari ce, a wurin kakarta take kwana tun yaye. Ba na faɗin sunanta, ba na goya ta, in ta faɗi a gabana sai in ce wani ya ɗaga yarinyar can. Haka uwata ta yi mini, haka na tarar ana yi.

Shekarar da ta cika bakwai, surukina ya sami barkono mai yawa a fadamarsa. Ya duba duk duwatsun Allah bai ga na shanya ba sai namu, wai ya fi samun rana. Ya baza barkono ja wur, ya kewaye da ƙaya. Da ya kwashe shanyar farko wasu yara suka tsallaka suka sulalo, suka koma gida suna tsalle da kuka, iyayensu mata suna ta shafa musu man shanu. Gari ya yi dariya, surukina ya sake baza wani.

Na ce wa mijina ya yi magana. Ya ce, “Baba ne fa. Me zan ce masa?” Maza da gemu duk suka koma dara a ƙofar gida. Yarinyar ba ta yi kuka ba. Juma'a uku tana jan jiki zuwa zaure da ganyen kalgonta a hannu, ta zauna har inuwa ta juya, sannan ta dawo. Na ji haushin mijina, na ji haushin garin, amma haushin kaina ya fi.

Juma'a ta huɗu na ɗauki tsintsiya da kwanduna da toka, da rana tsaka, kowa yana gani. Na janye ƙayar. Na tattara barkonon tsaf, ko ƙwaya ban zubar ba, don ni ba ɓarna na zo yi ba. Tulu takwas na ɗebo ina wanke dutsen, ina atishawa, idanuna kamar an zuba garwashi. Mutane suka fara taruwa daga nesa.

Sai ga surukina da sandarsa. Shekara tara ina gidansa, bai taɓa jin muryata ba ban da gaisuwa. Na durƙusa.

“Yarinya, wa ya aike ki?”

“Ba kowa, Baba. Ga barkononka can a kwando. Akwai dutse a bayan marina, ya fi wannan rana.”

“Saboda gurguwar nan ne ko? Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Ta zauna a gida ya fi mata.”

“Baba, 'yata ce. Ba ta da inda take gudu sai nan.”

Na ji mata sun ɗauki salati a bayana, ba don na mayar wa suruki magana kaɗai ba, har da kalmar da na faɗa a bainar jama'a. Ya sa aka ɗauki kwandunan barkononsa. Daga ranar bai ƙara cin tuwon hannuna ba har ya koma ga Allah. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba, amma kunyar da za ta zaunar da yarinya a zaure ban ga amfaninta ba.

Na koma gida na same ta inda na san zan same ta. Na sunkuya na ce ta hau. Ta yi nauyi fiye da yadda na zata. Da ita a bayana na ratsa gari, na hau dutsen, na ajiye ta a kan ganyenta. Ta tunkuɗa, ta tafi.

Da ta isa ƙasa na kira sunanta da ƙarfi. Ta waiga wajen kakarta a cikin taron, ta waiga wajen ubanta. Sai da na kira sau uku kafin ta ɗago kai sama, don ba ta taɓa jin sunan a bakina ba.