Sojan Da Na Karanta Ta Dama

Ranar kasuwar Sabon Birni ce, a damina ta biyu da soma yaƙin basasa, Kawu Labbo ya sauke jakinsa a ƙofar gidanmu da ke bayan Tsamaye. Ƙanen Inna ne, yana fataucin goro zuwa Maraɗi. Ina tsugune ina tankaɗe, ya jefo mini wani littafi marar bango, ya ce, "Ungo, Hakama, ga sojojinku nan." Shekarata goma. Jikata ce ke rubuta wannan, ni ban yi boko ba.

Yayana Nomau ya shiga soja tun kafin shuka, ba wasiƙa, ba saƙo. Inna ta bar cin abinci. Sai ta taɓa tuwo sau biyu ta ture akushi, har warwaronta ya riƙa zamewa zuwa gwiwar hannu. Ni ke surfe, ni ke ɗebo ruwa, ni ke korar tsuntsu a gona, ga makarantar allo da safe. 'Yan'uwana suna gaɗa a dandali, ni ina gida ina lallashin uwata da fura.

Littafin duk zane ne, gida-gida, da ƙananan rubutu a bakin mutane. Na buɗe shi ta dama, yadda malam ya koya mana buɗe littafi, na bi gidajen daga dama zuwa hagu. Ga soja kwance cikin rami. Gaba kaɗan ya miƙe da bindigarsa, ya yi tafiya cikin daji, ya hau babbar mota, ya tuɓe kaki. A gida na ƙarshe yana bakin ƙofa, wata tsohuwa ta rungume shi. Mai zanen ya ja masa layi-layi a kumatu, wai inuwa. Da Inna ta gani sai ta dafa ƙirji ta ce, "Wanga ai Bagobiri ne, dubi zanenai!" Ranar ta cinye tuwonta, ta suɗe miya.

Wata biyu muna haka. Kullum bayan la'asar ta shimfiɗa tabarma gindin ƙirya, ta ce, "Zo ki maido min shi gida." Maƙwabta da ke da 'ya'ya a soja suka riƙa zuwa da kaɗinsu, ina nunawa da yatsa, suna amin.

Sai Malam Iro ya zo gaisuwa. Malamin makarantar boko ne a Isa, ɗan ɗakin Babanmu. Ya tsaya kaina yana kallo, ya fashe da dariya har da riƙe ciki. "Ke ɗiyag ga, wa ya koya miki karatu ta ƙeya? Boko daga hagu aka soma shi." Ya fizge littafin, ya juya, ya bi shi gida-gida a gaban mata bakwai: ga bankwana, ga kaki, ga mota, ga rami. "Kun gani? Mutuwa ya yi. Kuma wanga ba ɗan ƙasarmu ba ne ma." Inna ta dube shi ta ce, "Malam, mun tambaye ka?" Ta naɗe tabarmarta ta shige ɗaki.

Har yau in na tuna raina tafasa yake. An ce gaskiya ya faɗa. To, wace gaskiya? Shi da bakinsa ya ce sojan ba namu ba ne. Ke nan mutuwar ba ta Nomau ba ce, dawowar ma ba tasa ba ce, takarda ce da tawada. Mene ne nasa a ciki da zai hana tsohuwa cin tuwo? Kuma ya yi da dariya, don mata su san ya je makaranta. Na ce masa za ni gaya wa Baba, ya ce in je in koyi abacada tukuna. Inna ta koma ture akushi. Ba ta ga ƙarshen yaƙin ba. Nomau bai dawo ba, ba kuma wanda ya zo ya ce mana ga inda ya kwanta.

A lokacin yaƙi nesa yake, sai a takarda muke ganin bindiga. Yanzu jikokina suna da irin littattafan nan masu launi, sun iya karanta su daidai, amma sun san ƙarar harsashi tun kafin su buɗe. Bara maigidana ya fita noma, 'yan bindiga suka harbe shi, aka kawo mini shi a amalanke. Na gan shi da idona, na rufe masa fuska, ina kuka har yanzu ban daina ba. Inna ta samu wata biyu tana cin abinci da daɗi. Ni ko yini ɗaya ba mai iya ba ni.