Kibiyoyin da Baba Ya Ba Surukinsa

Tun ina ƴar lakwal, wato ƴar makaranta, a Dakoro nake sayen littattafan soyayya da ake bazawa a tabarma ranar kasuwa. A cikinsu jarumi kyakkyawa ne, kayansa ma kyawawa. Shi ya sa da Allah ya haɗa ni da maharbi na zaci kwarinsa zai riƙa ƙyalli. Abin da na tarar a ɗakinsa baƙaƙen kibiyoyi ne, kyauronsu ya sha gumin hannu, kawunan ƙarfen manya, kamar maƙeri ya gaji ya bar su haka.

Babana mai kantin atamfa ne, bai taɓa jan tsirkiya ba, amma yana son surukinsa. Bayan biki ya sa aka yi masa kibiyoyi na musamman, kawunansu sirara masu sheƙi, gindinsu an naɗe shi da wayar jan ƙarfe da jar fata. Ranar da aka kawo su na rungume kwarin, na ce yanzu ne maigidana ya yi kama da na cikin littafi.

Ya yi godiya ƙwarai a gaban ɗan aike. Da muka kaɗaita ya ɗora tsohuwar kibiyarsa a kan yatsa ɗaya. Ta tsaya cak, yatsan yana kusa da kai. Ya ɗora ta Baba, sai da ya ja yatsa baya har ya wuce tsakiya kafin ta daina rinjaya.

Ya ce, "Amarya, kin gani? In nauyi na gaba, gindi bin kai yake yi, ta shiga a miƙe har ciki. Wagga in ta tashi, gindinta zai nemi ya riga kai isa. Zomo ta iya kashe shi. Abu mai kaurin fata kuwa mari kawai za ta yi mishi."

Na ce, "To ka gaya wa Baba mana."

"In dubi idon babanki in ce mishi kyautarshi ba ta harbi? Ke kin iya?"

Ban iya ba. Aka rataye su a bango.

Da damina ta yi nisa, gadu, wato aladen daji, ya addabi gonar gyaɗar Baba da ke kan hanyar Ajekoriya. Namiji ne babba, ya riga ya tsage wa wani kare ciki da haurensa. Baba ya aiko cewa surukinsa ya zo da kibiyoyin nan, yana so ya ga aikinsu da idonsa.

Da safe na ga maigida yana shafa musu dafi. Na tuna ya taɓa ce mini dafi ba ya aiki sai ya kai ga jini. Na durƙusa gabansa na roƙe shi ya ɗauki tsofaffin. Ya ƙi. Na ce to ya sa ko ɗaya a tsakiya, Baba ba zai leƙa kwari ba. Ya dube ni, ya yi murmushi.

"Ba ke kika ce munana ne ba?"

"Na ce. Sa ta."

Ya cusa ta tsakanin masu adon, ta ɓace a cikinsu.

Da azahar na kai fura gona, na ƙi komawa gida. Ni da Baba muka tsaya a kan tudu ƙarƙashin aduwa. Maigida ya tsuguna can ƙasa bayan wata sabara, iska na kaɗowa daga gona zuwa gare shi. Muka yi ta jira har inuwa ta miƙe. Baba na jan carbi.

Sai ga shi ya fito daga ciyawa, toka-toka, ya durƙusa a kan gwiwoyin gaba yana tonon gyaɗa. Maigida ya miƙe a hankali. Na ga jan ƙarfen ya haska a rana, na san wadda ya zaro.

Ta tashi tana kaɗa gindi kamar wutsiyar kifi. Ta sami kafaɗa a karkace, ta maƙale a fata tana reto. Baba ya ce, "Ya same shi!" Gadun ya ɗago kai, ya ɗaga wutsiya, ya nufi sabarar a guje.

A littattafaina a irin wannan wuri mace takan yi ihu ta suma. Ni ban yi ko ɗaya ba. Ina kallon hannun maigida a bayan kafaɗarsa yana lalube cikin kwari, yana taɓa gindi yana saki, yana neman wanda babu waya a jikinsa. Bai samu ba gadun ya iso. Ya yi tsalle gefe, haure ya kama shi a ƙwauri, ya faɗi a kan gwiwa ɗaya. Dabbar ta wuce, ta yi kwana cikin ƙura za ta dawo. A daidai lokacin da ta ba shi haƙarƙari na ji ƙarar tsirkiya.

Wannan ban ga tafiyarta ba. Na dai ji wani sauti mai nauyi, na ga ɗan guntun kyauro kawai a waje, bayan ƙafar gaba. Gadun ya yi ƴan taku zuwa gare shi, ya yi tari, ya kife.

Na riga Baba isa. Na yage ɗankwalina na ɗaure ƙafar maigida, jini na bin yatsuna. Baba ya tsaya kan gadun ya daɗe. Ya zare tasa da yatsu biyu, ta fito ba gardama. Ya kama baƙar ya ja, ta ƙi motsi, sai da ya taka dabbar da ƙafa.

Ya ce, "Yaro, ka san haka tun farko?"

Maigida ya sunkuyar da kai.

"Kai, kunyata za ka ji har ka bar mini ɗiya da takaba? Ni atamfa na sani. In ka ga na sa baki a kibiya, ka ce mini in koma kanti." Ya juyo gare ni. "Ke kuma kin sani kika yi shiru."

Na ce, "Baba, ni na sa ya ɗauko baƙar."

Ya cire rawaninsa ya ƙara ɗaure ƙafar, ya tafi da kansa neman amalanke.

Lokotoro, wato likita, ya ɗinke ƙwaurin, tabon na nan har yau, yana yi masa tsami in hadari ya taso. Kibiyoyin Baba suna rataye a ɗakina sama da gado, ina goge jan ƙarfen duk sallah. Har yanzu ina ganin kyansu. Amma duk ranar da zai fita daji, ni nake zaro baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, in ɗora a yatsa in ga inda suka tsaya, sannan in miƙa masa kwari.