Haƙorin Gadu da Ƙasar da na Zuba a Ciwo

Salamu alaikum. Wata huɗu ke nan ban ce komai a nan ba, har wasu sun fara tambayar Umma ko an kama ni ne saboda iƙama, wato takardar izinin zama. Takarduna lafiya lau. Ƙafata ce aka kusa yankewa.

Waɗanda suka san ni sun san cutata ɗaya, son ganin ƙwaƙwaf. A Jidda aka haife ni, walda nake yi a unguwar Khumra, ban taɓa ganin daji ba sai a waya. Da na je hutu ƙauyen mahaifinmu na tarar ƙaninsa, Baffa Sule, maharbi ne da kwari da baka, sai na manne masa. Gadu, wato aladen daji, ya addabi gonar rogonsa, Baffa yana fita da dare yana dakonsa. Ni kuwa so nake in ga dabbar nan ido da ido.

Daren da muka fita tare ya ce, "Ɗana, baƙo ko da ido makaho ne. Ka tsaya bayana, kada ka kunna fitila sai na ce."

Ya harbi wani gadu a kafaɗa, gadun ya ruga cikin ciyawa. Baffa ya ce mu koma gida, da safe a bi jini. Yana juya baya na kunna fitilar waya na bi ɗigon jinin, don kawai in ga inda ya shiga. Na samu ramin, na tsaya a bakinsa, har da sunkuyawa.

Ashe gadu da baya yake shiga rami, haƙoransa na kallon ƙofa.

Ban ga komai ba. Na dai ji ni a ƙasa, ƙasan gwiwata ta dama a tsage, tsawon yatsa guda.

Yanzu ga wautar. Tun muna yara na ji ana cewa najasar alade sai an wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Muna isa gida na zagaya bayan ɗaki da buta, na ɗebi ƙasa na cusa cikin ciwon na goge sosai, na ɗaure da tsumma. Na ce wa Baffa ƙwarzane ne kawai.

Bayan kwana huɗu na hau jirgi. Kafin mu sauka takalmi ya ƙi shiga ƙafar. Washegari zazzaɓi da rawar sanyi, ni da ke cikin zafin Jidda ina neman bargo. Umma ce ta fara jin warin.

"Yalla, mustashfa. Tashi, sai asibiti. Ba na son jin komai."

A asibiti aka tambaye ni me ya yanke ni. Na dubi layin mutane, na ji ba zan iya furta sunan alade a gabansu ba. Na ce ƙarfe ne a wurin aiki. Aka yi min allurar tetanus, aka ɗaura ruwa da maganin da ya dace da yankan ƙarfe.

Likitan da ke duba ni dattijo ne ɗan Sudan. Ya zana layi da biro a iyakar kumburin. Kowace safiya kumburin ya tsallake layin, ya sake zana wani a sama. Da farko abin burge ni yake, ina ta tambaya yaya ƙwayar cuta take tafiya a ƙarƙashin fata. Ranar da layin ya haura gwiwa na daina tambaya. Na ji tsoro, tsoro na gaske.

Rana ta uku ya zo da sakamakon gwajin mugunyar, ya ja kujera ya zauna.

"Ya waladi, ɗana, abin da muka gani a nan ba a kan ƙarfe yake zama ba. Na ƙasa ne da bakin dabba. Me ya same ka?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na faɗa masa komai, har da butar.

Ya cire tabarau. "Khinzir? Alade? A Jidda?" Kafin azahar ɗaliban likitanci sun cika ɗakin, kowa na so ya ga hoton gadu da na nemo musu a wayata.

Aka canza magani, aka shiga da ni tiyata sau biyu ana yanke naman da ya mutu. Kafin ta biyun aka ba ni takarda in sa hannu, cewa na yarda a cire ƙafar idan an tarar ciwon ya kai ƙashi. Umma tana riƙe da ɗaya hannun. Da na farfaɗo ban iya duba ƙasa ba, ita ta ce, "Tana nan, Auwalu. Halas, shi ke nan, tana nan."

Kwana ashirin da uku na yi a gado. Inshorar aiki ta ɗauki tiyata, gashin ƙashi kuwa abokan aikina na Khumra ne suka haɗa. Da na kira Baffa na gaya masa zancen ƙasar, sai ya ce, "A cikin ciwo? Wa ya koya maka wannan karatun?"

Yanzu ina takawa ba sanda, sai dai akwai rami a tsokar da za ka iya sa dunƙulen hannu. Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa Umma, da likitan nan, da duk wanda ya yi min addu'a bai ma san me ke damuna ba.

Masu fita farautar dare, kada ku bi jinin dabbar da aka raunata sai gari ya waye. Kada ku tsaya a bakin rami, ku tsaya ta bayansa, kusa da itacen da za ku iya hawa. In maharbi ya ce a koma, a koma. In haƙori ya taɓa ku, ruwa mai tsabta da sabulu, sai asibiti a ranar. Zancen tsarki a tambayi malami, kada a yi wa kai fatawa a bayan ɗaki.

Kuma ku gaya wa likita gaskiya tun a ƙofa. Na tambayi likitana, da na faɗa a ranar farko, nawa za a yanke? Ya nuna min da yatsu biyu, ɗan kaɗan.

Gadu tsawon yatsa ya ɗauka a ƙafata. Sauran ni na bayar.