Hauren da Ruwa Ya Tono a Gonar Baba

Mahaifina masassaƙi ne, ni kuma ni ce 'yar da ta zauna kusa da shi. Cikin 'ya'yan da aka haifa masa babu namijin da ya rayu. Tun ina 'yar lakwal, wato makarantar boko, in an tashe mu ƙawayena su nufi rijiya, ni sai in nufi rumfar da yake aiki. Turmi da taɓarya da akushi su ne ke ciyar da gidan, amma abin da aka san shi da shi daga ƙauyenmu har Matankari shi ne ƙotar wuƙa. Da ƙahon saniya yake yin ta, ya ja mata wani siririn zane mai lanƙwasa, Fulani makiyaya su taho takanas su zauna jiransa. Bai taɓa buɗe baki ya ce zai koya mini ba. Abin da yake yi shi ne ya ajiye guntun ƙaho da ƙaramar wuƙa kusa da ƙafata, ya juya baya kamar bai gani ba. In na ɓata sai ya yi tari, in na yi daidai sai ya yi shiru. A haka na iya, da hannun hagu, don ni bahaguwa ce.

A wurinmu mace ba ta sassaƙa. Za ta yi daka a turmi har bayanta ya rankwafa, amma ba ta da ikon yin turmin. Kada ka wahalar da kanka neman dalili, kallonka kawai za a yi a ce haka aka tarar. Lokacin da Baba ya rasu aurena ya riga ya mutu, na dawo gida ina zaune da Inna. Da aka share makoki sai ƙanensa, wanda muke kira Bappa, ya zo ya sauke jakar kayan aikin daga inda take rataye: gizago, zarto, magagari, da 'yan wuƙaƙen zane. Bappa hatsi yake saye da sayarwa, ko tsinken sakace bai iya feƙewa ba. Amma namiji ne, jakar kuwa kayan maza ce. Na roƙe shi ya bar mini ko da ƙaramar wuƙar nan.

"Ki yi mi da ita, ɗiya?" ya ce. "Yankan kuɓewa?"

Ya rataya jakar ya fita. Ba na ɓoyewa, babu abin da na so a duniya kamar jakar nan, kuma na daɗe ina jin haushinsa a kanta.

Wata damina aka yi ruwa mai ƙarfi, kwazazzabon da ya gangaro daga jan dutse ya ci gefen gonar Baba. Na tafi in ga yawan geron da ya tafi. Na sauka cikin kwazazzabon ina duba gaɓar da ta rufta, sai na ga wani abu ya leƙo daga cikin laka, can ƙasa da jar ƙasa, a zurfin da ya wuce tsayin mutum. Na ɗauka saiwar itace ce. Da na kankare da hauya sai na ga santsi gare shi, ga lanƙwasa, ga kauri ya kai cinyar babban mutum. Na yi ta tono har gumi ya jiƙa ni. Da na ja, sai ya rabu, tsinin ya taho hannuna, tsawon kamu guda, da nauyi kamar dutse. Ban yi shawara da kowa ba, ban ma yi da kaina ba. Na tura shi ƙarƙashin ganyen tafasar da na tsinko a kwando, sannan na kira masu noma a gonar kusa.

Kafin azahar rabin gari yana bakin kwazazzabon. Kowa ya san wurin nan hanyar Doguwa ce, iskar da aka ce tana bi ta nan in za ta sha ruwa. Saboda haka ba a ɓata lokaci ba aka yanke hukunci cewa ƙahonta ne. Ranar nan 'yan bori da masu sahun gaba a masallaci bakinsu ya zo ɗaya, abin da ban taɓa gani ba. Mutum ɗaya ne ya ce a'a, wani tsohon mushen lakwal, malamin makaranta da ya yi ritaya. Ya durƙusa ya ƙwanƙwasa abin da farce, ya ce hauren giwa ne, tun zamanin da kwarin nan namu yake babban gulbi, kafin kakannin kakanninmu. Ya ƙara da cewa a ƙasashen sanyi ma ana tono hauren wasu giwaye masu gashi daga daskararriyar ƙasa, ana sassaƙa kaya da shi. Da bai faɗi gashin nan ba wataƙila da an saurare shi. Aka kwashe da dariya, wani ya tambaye shi ko kitso ake yi musu.

Bappa shi ne babba a gidan, gona kuma ta gida ce, don haka shi ya ba da umarni. A wanke abin, a ɗora shi bisa falalen dutse inda rana ke bugawa, a yanka kaza, mai abu ta zo ta ɗauki abinta. Na ce masa rana za ta lalata shi. Duk abin da ya daɗe cikin damshi a hankali ake busar da shi, a inuwa, kamar yadda Baba yake yi wa ɗanyen itacen turmi.

"Wa ya tambaye ki?" ya ce.

Mu mutane ne da komai muka samu sai mu shanya shi: kuɓewa, fata, barkono, wanki. Haka aka shanya hauren da ya kwana cikin laka tun ba a san ranar ba. Bayan 'yan kwanaki ya fara tsagewa, yana ɓarewa ɓawo bayan ɓawo kamar albasa, har ya zama ɓarɓashi, ruwan da ya biyo baya ya share. Mutane suka ce Doguwa ta karɓi abinta. Na ce rana dai ta karɓa, na kuma faɗa a bakin rijiya inda na san zancen zai kai ko'ina.

Nawa guntun kuwa na shafe masa bakin karayar da man shanu, na naɗe shi da tsumma, na ɗaure tamau da igiya, na binne shi cikin ƙaiƙayi a gindin rumbu. Inna ta gan ni.

"Ki maida mata abinta, ɗiyar nan," ta ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Inna, in nata na, ta san hanyar gidanmu."

Bakina ne ya faɗi haka, amma cikina bai kwanta ba. Duk ranar da kaina ya sara, ko akuya ta ƙi cin abinci, sai in waiwayi rumbun nan. Na dai ƙi tono shi. Aka yi girbi, aka yi sanyi, sai da bazara ta shigo na kwance tsumman. Bayansa ya ɗan tsattsage, amma zuciyar tana nan lafiya lau.

Kayan aiki kuma sai na ƙera nawa. Na samo babbar ƙusa na dandaƙe bakinta bisa dutse na wasa, na ciro waya daga tsohuwar ƙafar moto don zane, na fasa kwalba don kankara. Da jakar Baba aikin ba zai wuce 'yan kwanaki ba, da waɗannan kuwa ya cinye mini bazarar duka, ya kuma cinye mini fatar babban yatsa. Amma ban taɓa taɓa abu mai daɗin aiki kamarsa ba. Wajensa launin ƙasa ne, cikinsa kuwa kamar zuma. Inda na yanke, wasu 'yan layuka ne suka sarƙe da juna kamar saƙar faifai. In ƙusa ta shiga sai ya ba da wari irin na ƙaho, haɗe da ƙanshin ƙasar da aka yi wa ruwan farko. Abin da ya rage mai ƙwari bai wuce ƙota ɗaya ba. Na ja mata zanen nan mai lanƙwasa, na goge da toka da tsumma har ta yi sheƙi, na cire ruwan tsohuwar wuƙar Inna na kafa da narkakken ƙaro.

Ban ɓoye ta ba. Da matar ɗan Bappa ta haihu, na tafi gidan suna da wuƙata ina yanka albasa cikin mata. Can waje wuƙar masu fiɗar rago ta dakushe, aka shigo neman wata, wata mata ta zare tawa daga cikin kwano ta miƙa. Ba a jima ba aka ce Bappa yana kirana.

Na same shi a tsakiyar dattawa bisa tabarma, wuƙar tana hannunsa, yana shafa zanen da yatsa.

"Ku duba," yake ce musu. "Aikin yayana na. Na san ya ɓoye wani abu bai gwada muna ba."

Wuƙar ta yi ta zagayawa hannu zuwa hannu. Wannan ya ce Allah ya jiƙan mai hannun nan, wancan ya ce an gama irinsu a Arewa. Ni kuwa ina tsaye ina saurare. Gaskiya daɗi ne ya kama ni, daɗin da ya kusa sa ni kuka, don dattawan da suka san aikin Baba shekara da shekaru sun kasa raba hannuna da nasa. Na buɗe baki zan yi magana, sai Bappa ya miƙe.

"Taho, ɗiya."

Ya ja ni bayan rumbunsa inda ba mai jin mu.

"Na san ke kinka yi ta," ya ce. "Tsohonki da dama shika aiki, wanga zane kuwa bahago ya ja shi. Kuma na san da mi kinka yi ta. Ni ba yaro ba na."

Ya rage murya ya ci gaba.

"Ki bari a ce shi ya yi. Gobe in aiko miki jikkar, dut abin da ke ciki. Ki yi aikinki cikin gida bayan darni, ni in riƙa kaiwa kasuwa in ce cikin abin da ya bari na. Asirinki ruhe, gida bai ji kunya ba."

Ba da mugunta ya faɗa ba, a ganinsa alheri yake yi mini, kuma wannan ya fi ƙona mini rai. Na tuna gizagon Baba, da ƙotarsa da tafin hannunsa ya cinye har ta yi kwarmi. Gobe-goben nan sai ya kwana a ɗakina. Abin da ake nema gare ni kawai shi ne in yi shiru, shirun kuwa tun ina yarinya na iya shi.

"Bappa," na ce, "har yaushe mamaci za shi yi ta sassaƙa? Baba ya gama aikinai. A bar shi ya huta."

"In kin hita kin hwaɗi, ba ki ƙara ganin jikkar nan."

"Na ji."

Na koma wurin dattawan, na durƙusa na gaishe su yadda ya kamata, don ba a ce ban da tarbiyya ba. Sannan na ɗaga kai.

"Ku gahwarce ni, iyaye. Wagga wuƙa ba Baba ya yi ta ba. Ni na yi ta, da ƙusa. Kuma da abin da ruwa ya tono a gonarmu na yi ta."

Wanda take hannunsa ya sake ta bisa tabarma, ya goge tafinsa a riga. Can sai mutumin nan da ya ce an gama irinsu a Arewa ya gyara murya, ya ce shi dama tun farko ya lura zanen ya ɗan karkace. Na miƙa hannu na ɗauki wuƙata, na koma cikin mata na ƙarasa albasar.

Bappa mutum ne mai cika magana. Kasuwar Dogon Dutsi da ta biyo baya ya kai jakar ya sayar, ya kuma tabbatar labarin ya iso kunnena. Bayan wani lokaci na je kasuwar, na bi ta layin masu turmi, sai na hango gizagon a hannun wani mutum da ban sani ba. Ruwan na gane, don akwai 'yar tsaga a kunnensa. Amma ƙotar sabuwa ce, fara fat. Na tambaye shi ina tsohuwar.

"Wanccan? Ta cinye, ba ta zama ga hannu. Na sa ta wuta."

Na yi masa godiya, ban san dalili ba. A cikin amalanken da ya maido mu gida na rufe fuska da mayafi na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da Baba. Matar da ke kusa da ni ta ɗauka rasuwa aka yi mini, ta yi ta ba ni haƙuri, ban gyara mata ba.

Da gari ya waye na je wurin mahauci na karɓo ƙaho. Na fitar da tabarma bakin hanya, daidai inda masu zuwa gona da masu zuwa masallaci suke wucewa, na zauna da ƙusata. Wasu suka ratse, wasu suka wuce ba sallama. Na gyara zama yadda kowa zai ga hannun da ke aikin.